Layin Ruwa a Bangon Kawu

A ɗakin jan bulo na gidan Kawuna, a wata unguwa ta kudancin Khartum ta ƙasar Sudan, wajen Kalakla, akwai wani layi mai ruwan ƙasa da ya zagaye bango daidai ƙugun babban mutum. Nan ruwa ya tsaya a watan Satumba na 2020. Watanni shida da suka biyo baya, duk maganar da aka ɗauko a gidan, ta sayar da fili ce, ta neman aikin ɗansa ce, ko ta sake gini, sai ta zagayo ta dawo kan wannan layi. Na zauna a yawancin hirarrakin, kuma ni ake miƙa wa biro in rubutu ya taso, shi ya sa zan iya faɗin yadda abin ya gudana. Ba zan kama sunan kowa ba.

Gidan ba na Kawu ba ne shi kaɗai, ko da yake shi ke ciki. Kakanmu ne ya kafa shi. Ya baro ƙasar Hausa yana saurayi da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira, yankin noman da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ya je ya sauke farali, ya dawo ya sami fili a gefen Farin Nilu ya zauna. Ɗakuna uku ya gina na jalus, wato ginin laka da ake ɗorawa sahu-sahu, kowane sahu sai ya sha iska kafin a aza na gaba. Ɗakin jan bulon Kawu ne ya ƙara shi, bayan ruwan Agustan 1988 ya rushe gidaje barkatai a Khartum. Kakanmu ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Kawu, da mahaifiyata da ke aure a Wad Madani, da ƙanwarsu Inna da ke Gadarif. Ba a taɓa raba gadon ba. Kowa ya san gidan Baba ne, kuma hakan ya wadatar da kowa shekara da shekaru.

Wanda bai san Khartum ba zai ɗauka Farin Nilu ne mai laifi, tunda shi ya shigo gidajen. Asalin ruwan daga tsaunukan Habasha yake. Shuɗin Nilu yana fitowa daga tafkin Tana, kuma a Agusta da Satumba yana saukowa da ƙarfi, jawur da laka. In ya iso Mugran, mahaɗar kogunan biyu, sai ya tare wa Farin Nilu hanya kamar an datse masa ƙofa. Farin ya kasa wucewa, ya kumbura, ya koma da baya wajen madatsar Jabal Auliya, ya bazu cikin unguwannin da ke kwance a gefensa. A shekarar 2020 ɗin ma'aikatar ban ruwa ta auna tsayin kogin a Khartum ya haura mita 17.5, ya zarce na 1946 da na 1988. Tun ƙarshen Yuli madatsar Bout ta ɓalle a jihar Shuɗin Nilu. A farkon Satumba gwamnatin riƙon ƙwarya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, lokacin da aka ƙirga kusan mutum 100 sun rasu, gidaje sama da 100,000 sun rushe ko sun lalace. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce abin ya shafi fiye da mutum 800,000 a faɗin ƙasar.

Samarin unguwa sun yi kwanaki suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga taras, ganuwar da ke tsakaninsu da kogi. Wajen asuba ta ɓalle a wani lungu. Matar Kawu, wadda muke kira Hajja, ta ce ba ta ji ƙarar komai ba, ƙafarta kawai ta sauke daga angarib, gadon katako mai saƙar igiya, ta ji sanyi har idon sawu. Ruwan kogi ba ya ture ginin jalus da ƙarfi, jiƙa gindinsa yake yi, lakar ta narke daga ƙasa, bangon ya durƙusa a hankali kamar raƙumi. Kafin azahar ɗakuna biyu sun zauna, na ukun ya tsage daga sama har ƙasa, masai ya rufta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. An fitar da yara, da awaki biyu, da tukunyar gas, da katifu. Abin da aka manta shi ne akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon Kawu.

Kwana tara akwatin ya yi cikin ruwa. Ina wurin aka buɗe shi. Takardar sayen filin da aka rubuta da hannu tun zamanin kakanmu, da rasit ɗin kuɗin wuta da na ruwa na shekaru, da takardun aikin ɗan Kawu, duk sun zama dunƙule ɗaya kamar jiƙaƙƙen gari. Kawu ya sa yatsa zai ɗaga shafin farko, ya biyo yatsan. Ya mayar da murfin bai ce uffan ba.

Iyalin suka koma gidan wani dattijon malami da ke kan tudu, aka kafa musu rakuba, wato rumfar tabarmi, a tsakar gida. A nan hirar ta samu wurin zama. Kullum bayan la'asar Hajja za ta soya kofi a kan gawayi, ta daka da citta, ta zuba a jabana, wato butar kofi, maza su zauna a kan angarib biyu da suka tsira. Akwai Malam mai gida, akwai wani maƙwabci Balarabe da ya yi ritaya daga aikin magatakarda a kotu, muna kiransa Ustaz, yana jin Hausa daidai gwargwado. Akwai duk wanda ya biyo ta ƙofar. Ana taɗin layin burodi da na man fetur, ana lissafin yaran da zazzaɓin sauro ya kwantar, ana tsokanar juna kan wanda ya fi gudu ranar da taras ta ɓalle. Babu wanda ya kira wannan zama taro, amma duk shawarar da ta fitar da gidan nan daga halin da ya shiga, a bakin jabanar nan aka yanke ta.

Dillali ya zo a sati na uku. Samsar muke ce musu a nan. Mutum ne mai fara'a, ya yi jaje yadda ya kamata, ya sha kofi ƙoƙo biyu, sannan ya ce yana da mai saye da kuɗi a hannu, cikin sati ɗaya a gama. Farashin da ya faɗa bai kai rabin abin da ake sayar da irin filin ba kafin damina. Kawu ya gaji a lokacin, gajiya ta gaske. Shekarunsa sun haura sittin, ga ciwon gwiwa, ga kunyar zama a gidan wani. Ya ce zai yi tunani, amma muryarsa ta riga ta amsa.

Da dillalin zai tashi sai ya ƙara da cewa, "Alhaji, kafin in kawo mutumin, a sa yaro ya shafe wannan layin na ɗakin bulo da farar ƙasa. Ido ba ya son ganin abin da zai tayar masa da hankali."

Malam mai gida ya ajiye ƙoƙonsa. Ya ce, "To in ya saya, baɗi ruwa ya dawo, wa zai shafe masa?"

Aka yi dariya, har da dillalin. Bayan tafiyarsa Malam ya koma kan maganar ba tare da dariya ba. Ya ce ɓoye aibin abin sayarwa algus ne, ya kawo hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ya ce kuma a fiƙihu mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Kawu ya ce, "Malam, ai kowa ya san ruwa ya ci unguwar nan." Malam ya ce, "Kowa ya san ya ci unguwa. Iya inda ya kai a ɗakinka, bangon ne kaɗai ya sani, sai ku."

Ustaz ne ya buɗe mana ido kan abin da ya fi layin girma. Ya tambayi Kawu ko filin na da shahadar bahas, wato takardar da ofishin rajistar filaye ke bayarwa mai nuna lambar fili da sunan mai shi. Babu. Filin hiyaza ne, irin wanda mutum ke riƙe da shi ta hanyar zama da gini da sanin jama'a, kamar dubban gidaje a gefunan Khartum. Ustaz ya bayyana cewa dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, kuma dokar mu'amaloli ta 1984 da ta maye gurbinta ta bar asalin mallaka a hannun hukuma, ta amince wa mai zama da haƙƙin amfani. Saboda haka abin da Kawu zai sayar haƙƙin riƙo ne, kuma hujjarsa ita ce tsohuwar takardar da ta narke, da rasitan da suka narke tare da ita. Abin da ya rage shi ne bakin mutane: maƙwabtan kusurwa huɗu, dattawan da suka san kakanmu, da wasiƙar kwamitin unguwa.

Sannan ya jefo ta biyun. Ya ce, "Ya Haj, kai rabi gare ka." Namiji ɗaya da mata biyu, rabon gado ya ba Kawu kashi biyu cikin huɗu, kowace 'yar'uwa kashi ɗaya. Kafin lauya ya rubuta yarjejeniyar ciniki mai inganci sai an fitar da i'ilam shar'i daga kotu, takardar da ke lissafa magada, kuma sai kowace ta sa hannu ko ta ba da wakilci a rubuce. Dillalin bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ganina ba mantuwa ya yi ba. Wanda ya sayi fili da arha daga hannun mutumin da ruwa ya kora, ya san in rigima ta taso daga baya, mai sayarwa ne zai sha ta da danginsa.

Na kira mahaifiyata a waya a daren. Ta yi shiru, sannan ta ce ita kason ta yana nan inda Baba ya bar shi, Yaya ya ci gaba da zama. Inna kuwa mota ta hau daga Gadarif. Ta iso da ƙullin riɗi da busasshiyar kuɓewa, ta zaga kangon, ta yi kuka a inda ɗakin mahaifiyarsu yake, ta wanke fuska ta zo ta zauna a bakin rakuba. Ta ce, "Yaya, ba zan ɓoye muku ba, ni ina buƙatar nawa. Mijina ba lafiya, yara uku na makaranta. Amma ba zan yarda a ba da gidan Baba a farashin tumatir ɗin yamma ba." Na ga fuskar Kawu ta canza, don bai saba jin ƙanwarsa ta yi magana haka a gaban maza ba. Gaskiya ta faɗa, kuma da ta yi kara ta haɗiye, da abin ya zama ƙulli a zuciya har jikoki.

Akwai wani dalili da ya sa na goyi bayan Inna tun daga farko, shi ne halin da kuɗin ƙasar ke ciki. A Satumban 2020 hauhawar farashi ta kai kashi 212 cikin ɗari a lissafin hukuma, a Janairun 2021 ta haura 300. Mai riƙe da jine, kuɗin Sudan, a lokacin kamar mai riƙe da ƙanƙara ne a rana. Da Kawu ya karɓi kuɗin dillali a Oktoba ya ce zai nemi wani wuri a hankali, kafin ya samu kuɗin ba za su sayi ɗaki ɗaya ba. Ga kayan gini sun yi tashin gwauron zabo, don wuraren gasa jan bulo a bakin kogi suke, ruwa ya shanye su, kuma kowa na neman siminti da kwano a lokaci guda. Fili ko da ruwa ya kwanta a kansa yana nan gobe.

Ana cikin haka sai maganar ɗan Kawu ta taso. Taubashina ne, mun tashi tare, makanikin injinan ban ruwa da janareto ne. Wani abokinsa ya yi masa hanya a wani kamfani a Bur Sudan, garin tashar jiragen ruwa, suna neman mai kula da injinansu, sharaɗin shi ne takardar shaidar ƙwarewa ta shekara biyar. Shi kuwa shekara uku ya yi a garejin wani maigida, da takarda, sannan shekara biyu yana aikin kansa, yana bin masu lambu a bakin kogi. Takardar shekara ukun tana cikin akwatin ƙarfe. Maigidan ya rufe gareji tun kullen korona na Afrilun 2020 ya koma ƙauyensu, lambarsa ba ta shiga. Wani a kasuwa ya ce masa a kawo kuɗi kaɗan, gobe a ba shi takarda mai hatimi da shekara biyar cif, har da sunan garejin da babu shi.

Ya kawo maganar bakin jabana kamar wasa, yana gwada ruwa. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, shekara biyar ɗin ya yi su da hannunsa. Kawu ya dube shi ya ce, "Ni an hana ni shafa farar ƙasa, kai za ka shafa?" Daga ranar ban ƙara jin Kawu ya yi maganar goge layin ba. Ina zaton sai da ya ga abin a jikin ɗansa sannan ya gane shi sosai a nasa.

Neman tsohon maigidan ya ɗauke mu kwana goma sha ɗaya. Mai shayin da ke ƙofar tsohon garejin ta tura mu wurin wani mai walda, mai walda ya ba mu lambar ƙanin matar maigidan, shi kuma ya haɗa mu. Da aka same shi ya yi murna, ya yi jajen ruwa, ya ce zai rubuta, amma abin da idonsa ya gani kawai. Hoton takardar ya iso ta WhatsApp, rubutun hannu da tsohon hatimin gareji. Na karanta wa jama'a. Ya rubuta cewa yaron ya yi aiki a ƙarƙashinsa shekara uku da wata biyu, hannunsa na da kyau a injin dizal, a shekarar farko yana da saurin fushi da abokan aiki amma ya gyara, kuma ko sifana ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. A ƙasa ya sa lambar wayarsa.

Taubashina ya ɓata rai kan maganar fushin. Ya ce me ya kawo ta. Ustaz ya ce masa shi ya shekara talatin yana karanta takardu a kotu, kuma takardar da ba ta da ko tabo ɗaya ita ce ya fi tuhuma. Ina ganin haka ne. Mai ɗaukar aiki ya san babu ɗan Adam marar aibi, abin da yake so ya sani shi ne ko mai ba da shaidar ya san mutumin da gaske.

Sauran shekara biyun kuwa ruwan ne da kansa ya ba shi shaidarsu. Bayan kogi ya ja baya, ruwa ya kwanta a lungunan unguwa ba shi da mafita, kuma injinan ban ruwa biyu da ake da su duk sun nutse. Taubashina ne ya tashe su. Na tsaya a kansa ranar da ya yi na farko. Ya hana kowa gwada tayarwa, ya ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in yana cikin silinda aka murza, sandar fistan za ta lanƙwashe. Ya zubar da baƙin man da ya koma kamar madara, ya kwance nozul, ya riƙa juya injin da hannu ruwa na tsartuwa ta ramukan, ya wanke tanki, ya sauya matatar mai da ta iska, ya zuba sabon mai ya sake zubarwa bayan ɗan gudu. Kafin magariba injin na tari yana fitar da baƙin hayaƙi, yara na ihu. Kwamitin unguwa ya rubuta wannan a wasiƙa, masu lambu uku suka dangwala hannu cewa shi ke gyara musu inji shekara biyu.

Mutumin kamfanin ya kira tsohon maigidan. Daga baya maigidan ya gaya mana tambaya ɗaya ce mai nauyi a ciki: shin zai iya ba yaron makullin shagonsa ya yi tafiya? Ya ce ya sha yi. An ɗauke shi, amma a matakin mai shekara uku, da gwajin wata uku, albashi ƙasa da wanda aka fara faɗa masa. Wasiƙar kwamiti ta taimaka wajen yarda da shi, ba ta shiga lissafin shekaru ba. Ya tafi a Disamba yana ɗan guna-guni.

Gaskiyar ta ci wa Kawu nasa kuɗin shi ma. Dillali ya kawo mai sayensa, mutumin ya shiga ɗakin bulo, ya auna layin da jikinsa, ya fito ya rage farashin da dama bai taka kara ya karya ba. Kawu ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Wata guda babu wanda ya sake leƙowa, kuma a watan nan na ga Kawu ya rame.

Mafitar ta fito daga katangar yamma. Maƙwabcin da ke wannan ɓangare yana da ɗa da zai yi aure, yana neman inda zai ƙara ɗaki. Ruwan da ya shiga gidan Kawu ta gidansa ya bi, babu abin da za a gaya masa. A hirar la'asar ya faɗa, yana kallon ƙasa don kunya, cewa in za a sayar da wani yanki shi yana so. Malam ya tunatar cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba shi ke da haƙƙin shuf'a, wato shi za a fara yi wa tayi, saboda haka aka fara tambayar Kawu da mahaifiyata ko za su sayi kason Inna. Babu mai hali. Sai aka tsara haka: a yanke rabin filin na yamma, inda ɗakunan da suka rushe suke, a sayar wa maƙwabci. Rabin wannan rabin kason Inna ne, ɗaya rabin daga kason Kawu. Abin da ya rage, ɓangaren ɗakin bulo wanda ya ɗan fi tudu, ya zama na Kawu da mahaifiyata.

Fitar da takardar magada ya ɗauki makonni, da zirga-zirga, da dattawa biyu da suka je suka yi shaida. Wannan ba shi da wani labari sai haƙuri. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda aka biya. Inna ta karɓi nata kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuma a satin ta mayar da su buhunan riɗi a Gadarif, lokacin kaka ce, ta ajiye tana sayarwa kaɗan-kaɗan. Kawu kuwa, bisa shawarar Ustaz, bai karɓi ko jine ɗaya ba. A yarjejeniyar da lauya ya rubuta an ƙayyade adadin jan bulo, da buhunan siminti, da fallayen kwano, da tifofin ƙasar ciko, a kawo su kashi uku. Adadi aka rubuta, da irin kaya, da ranar kawowa. Ba a rubuta farashi ba. Maƙwabta huɗu suka sa hannu a kan iyakoki, aka kafa turaku a gabansu.

Kashi biyu sun zo lafiya. Ranar 21 ga Fabrairun 2021 babban banki ya sauke darajar kuɗi a hukumance daga jine 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kasuwar kayan gini ta Sajjana ta sake ɗagawa, maƙwabcin ya kasa cika na ukun. Ya daina zuwa shan kofi. Kwana biyar kujerarsa ba kowa, har Hajja ta aika masa da jabana gida a kan tire, ta ce wa yaron ya gaya masa kofin ba ya cikin yarjejeniya. Washegari ya zo. Ya ce bai ƙi biya ba, simintin ne ya fi ƙarfinsa. A takarda Kawu ne da gaskiya, kuma da ya matsa da ya samu. Ya ce, "Tsarin nan an yi shi ne don kada kuɗi su cuce ni. Ban yi shi don su cuce ka ba." Ya yafe kashi ɗaya cikin uku na simintin da ya rage, maƙwabcin kuma ya ba da 'ya'yansa biyu su yi leburanci har a gama ginin. Ustaz ya sa na rubuta wannan ma a bayan yarjejeniyar, aka sa hannu.

Ginin kansa an yi kuskure ɗaya a cikinsa. Saboda ɗokin barin gidan mutane, an fara katangar kudu tun ƙasa ba ta gama bushewa ba, bayan sati uku ta tsage, aka rushe aka sake. Sauran an bi a hankali. An cike tsohon masai da ƙasa da farar ƙasa, an haƙa sabo nesa da ɗaki. Magini ya ɗauki igiya da ma'aunin ruwa ya ɗauko tsayin layin nan daga ɗakin bulo, ya kai shi kan turakun sabon gini. Daga tushe har taƙi ɗaya sama da layin, jan bulo ne da siminti. Daga nan zuwa sama aka ci gaba da bulon laka, don abin da aljihu zai iya ke nan, kuma ya fi sanyi lokacin zafi. An ɗaga daɓen ɗaki da ciko, sai an taka matakala uku ake shiga.

Ranar rufi aka yi nafir, gayyarmu ta gida da sunan nan ƙasar. Juma'a ce, tun bayan asuba maza wajen talatin suka taru, Hausawa da Larabawa da mutanen Darfur da ke bayan layi. Mata suka yi kisra, siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewar da Inna ta kawo, wani mai agashe na bakin titi ya aiko da tire guda kyauta. Kafin a tafi masallaci kwano ya hau. Ɗaki biyu ne a inda da ake da huɗu, tsakar gidan ta ragu da rabi, bishiyar lemun tsamin kakanmu ta faɗa ɓangaren maƙwabci. Hajja ta daɗe tana jin zafin wannan bishiya, ko da yake matar ɗan maƙwabcin na miƙo mata lemun ta kan katanga.

Damina biyu suka yi a sabon ginin lafiya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, sun yi makonni suna jira ko zai lafa, daga baya suka kulle ƙofa suka bi motar Bur Sudan, suka sauka a ɗakin taubashina, wanda a lokacin an tabbatar da shi a aiki har an ƙara masa mataki. Wannan karon yarjejeniyar da takardar magada da wasiƙar kwamiti suna cikin leda a ɗaure a jikin Hajja, hotunansu kuma na cikin wayoyin mutum huɗu a garuruwa uku. Maƙwabcin yamma bai fita da wuri ba, shi Kawu ya bar wa makulli. Duk lokacin da waya ta shiga, bayan gaisuwa da tambayar wanda ya rasu da wanda ya tafi, Kawu kan tambaye shi ƙofa, da kwano, da ɗakin bulo. A kiran ƙarshe da na ji, mutumin ya ce an ɓalle ƙofar waje an kwashe tukunyar gas da katifu, amma ginin na tsaye, kuma ya sa ɗansa ya ɗaure ƙofar da waya.